Man zaitun, man kaɗe ko man kanti: wanne ya dace da tausar jariri?

Da wuya a buɗe akwatin kayan jego a rasa abubuwa uku: kwalbar man zaitun, farin man jarirai na kanti mai ƙamshi, da ɗan gwangwanin man zafi. Na farko sunansa ya fi aikinsa. Na biyu ba laifi, amma da sharaɗi. Na uku kuwa ko kusa da shimfiɗar jariri bai kamata a ajiye shi ba. Waɗanda suka fi dacewa da tausa, wato man kwakwa da man kaɗe, su aka fi rainawa, wataƙila don ba sa zuwa da hoton jariri mai murmushi a jikin kwalba.

Wannan bita ce ta mayukan da iyaye ke saya don su yi wa jariransu tausa da hannunsu a gida. Ma'aunin da aka ɗora su a kai bai wuce wannan ba: shin man yana da santsin da hannu zai zame ba tare da jan fata ba, me yake yi wa fatar idan ana shafa shi kullum, me zai faru idan jariri ya kai hannunsa baki (kuma zai kai), yana da ƙamshin da aka ƙara masa ko babu, sannan yana jure zafin ɗakunanmu ko yana saurin lalacewa.

Kafin a shiga mayukan, sai an fahimci fatar da za a shafa wa. Saman fatar mutum kamar katangar tubali yake: matattun ƙwayoyin fata su ne tubalan, wani irin kitse kuma shi ne lakar da ta riƙe su. Katangar ce ke hana ruwan jiki fita, ta kuma hana ƙwayoyin cuta da ƙura shiga. Ta jariri ta fi ta babba siranta da kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma ba ta gama ƙwari sai ya kusa shekara. Mayukan tsirrai suna ɗauke da sinadarai biyu da suka shafi wannan gini. Ɗaya shi ne oleyik, wanda ke kutsawa cikin lakar ya sassauta ta. Ɗayan shi ne linoleyik, wanda fata ke amfani da shi wajen gyara kanta. Yawancin hukuncin da ke ƙasa daga nan ya fito.

Saboda haka ne hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ta ce kada a shafa wa jariri mai ko wani man shafawa sai ya cika wata ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar kula da mai jego da jariri da ta fitar a 2022, ta amince a yi wa lafiyayyen jaririn da ya cika watanninsa tausa mai laushi, amma ba ta ba da shawarar a riƙa shafa masa mai kullum don rigakafin cutar fata ba. Wato tausa daban, mai daban. A makonni huɗun farko hannu mai ɗumi kaɗai ya isa, ko a shafa ta saman riga. Idan an haifi yaro a tsakiyar hunturu fatarsa na tsagewa har tana jini a ninkin ƙafa, wannan a nuna wa ma'aikaciyar jinya, ita za ta faɗi abin da za a shafa.

Man zaitun

Darajar zaitun ba abin musu ba ce. Alƙur'ani ya ambace shi, hadisi ya kwaɗaitar da ci da shafa shi, kuma a abinci yana cikin mayuka mafiya kyau. Maganar da ake yi a nan ƙarama ce: fatar ɗan wata ɗaya ko biyu, da shafawa safe da yamma har tsawon makonni.

Man zaitun oleyik ne ya fi yawa a cikinsa, daga kashi 55 zuwa 83 cikin ɗari. A 2013 masu bincike a Jami'ar Shefil ta Ingila sun sa manya 19 suna ɗiga shi a damtsensu sau biyu a rana. Bayan makonni huɗu katangar fatarsu ta yi rauni, wasu har fatar ta ɗan yi ja, alhali wasunsu ba su taɓa fama da cutar fata ba. Daga baya ungozomomi masu bincike a Jami'ar Mancesta suka gwada a kan jarirai 115 sababbin haihuwa, aka raba su kashi uku: masu man zaitun, masu man sanfulawa (man da ake tatsa daga 'ya'yan furen sunflower), da waɗanda ba a shafa wa komai ba, na kwana 28. Waɗanda aka shafa wa mai fatarsu ta fi danshi a awon na'ura, amma tsarin kitsen da ke tsakanin tubalan bai ginu kamar na waɗanda aka ƙyale ba. Nan ne ruɗin yake: uwa za ta ga fata na sheƙi ta ce mai ya karɓe shi, alhali sheƙi ba shi ne lafiyar fata ba.

Wajen santsi ba a kushe shi, hannu na tafiya lafiya. Amma yana da nauyi, warinsa na kama zanin goyo, kuma idan jariri na da ɓawon nan mai maiƙo da ke fitowa a tsakiyar kai, man zaitun na iya ƙara masa, domin ƙwayar da ke tattare da ɓawon tana ciyuwa da irin wannan kitse. NHS ma ta ce kada a sa shi a wurin. Ga tsada, ga jabu a kasuwa, musamman ƙananan kwalaben da ake sayarwa a bakin titi ba lambar NAFDAC. Hukuncinsa: idan a gidan akwai mai kirci, asma ko yawan atishawa, a bar shi kwata-kwata. Idan babu, shafawa jefi-jefi bayan yaro ya yi wayo ba za ta kawo ɓarna ba, amma ba shi ne man tausar kullum ba.

Man kwakwa

Shi ne ya zo na ɗaya, in dai na gaskiya ne, wanda aka tatsa ba tare da ƙona shi ba. Kusan rabinsa wani nau'in kitse ne da ake kira lorik, oleyik ɗin cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Ba shi da nauyi, fata na shanye shi a hankali, don haka hannu na samun santsi na minti biyar zuwa goma kafin a ƙara. Abin ci ne, in ya shiga baki ba tashin hankali. Yana kuma daɗewa bai lalace ba idan aka kwatanta da sauran mayukan tsirrai, abin da ke da muhimmanci a ɗakin da babu firji. A wani gwaji da aka buga a 2014 daga ƙasar Filifin, an bi yara 117 masu kirci na makonni takwas, waɗanda aka shafa wa man kwakwa sun fi waɗanda aka shafa wa farin man kanti samun sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ambace shi cikin mayukan da za a iya shafa wa bakwaini.

Aibinsa biyu. Yana daskarewa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24, wato duk safiyar hunturu sai an same shi fari fat kamar kitse. Ba lalacewa ya yi ba, kuma wannan ma hanya ce ta gane na gaskiya: wanda aka haɗa da wani mai sau da yawa ba ya daskarewa gaba ɗaya. A ɗebi kaɗan a murza a tafin hannu, cikin daƙiƙa goma zai narke. Kada a ɗora shi a wuta ko a kan murhu, domin mai na riƙe zafi fiye da yadda yatsan babba ke ji. Aibi na biyu, wanda ake dafawa a gida har ya yi ruwan ƙasa yana ƙauri ya riga ya ƙone, na girki ne ko na gashi. Wanda ake nema fari ne ko garai-garai kamar ruwa, mai ɗan ƙamshin kwakwa.

Man kaɗe

Wannan namu ne, daga Neja da Kwara da Kebbi har Tamale ta ƙasar Ghana, kuma kakanni ba su yi kuskure da suka riƙe shi ba. A hunturu babu kamarsa wajen rufe fata ya hana ta bushewa. Yana da oleyik mai ɗan yawa, gaskiya ne, amma yana tafe da kitse mai tauri da ke zama a saman fata maimakon ya nutse. Matsalarsa wajen tausa ita ce ba ya zamewa da wuri: in ba a narkar da shi sosai a tafin hannu ba, hannu zai riƙa cijewa yana jan fatar yaro. Kamar girman ƙwayar gyaɗa ya ishi ƙafa ɗaya. A murza har ya zama ruwa kafin a taɓa jariri.

Babbar damuwa ita ce tsabta. Man kaɗen da ake sayarwa a buɗe cikin ƙwarya ko roba ya sha ƙura, ya sha hannaye, wani lokaci har da ɓawon ƙwara da toka a ciki. Mai kyau launinsa fari-fari ne mai ɗan duhu kamar hauren giwa, da ɗan warin hayaƙi wanda ba ya hawa kai. Wanda ya yi ruwan ɗorawa sosai rina shi aka yi, galibi da saiwar rawaya, wasu kuma da manja. Ga jariri a ɗauki wanda ba a rina ba. Wanda ke wari mai tsami ko ɗaci ya tsufa, a bar wa mai sabulu.

Gyara shi ba wuya. A zuba a ƙaramin kwano, a ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi da aka sauke daga wuta, kada ruwa ya shiga ciki ko ɗigo ɗaya, domin ruwa ne ke kawo fumfuna. In ya narke a tace da farin ƙyalle mai tsabta da aka ninka biyu, a juye a kwalbar gilashi busasshiya mai murfi, a sa a wuri mai sanyi ya daskare da sauri. Wanda ya huce a hankali yakan yi tsaki-tsaki kamar yashi, ba illa ba ce amma ba daɗi a jikin yaro. Masu son ya yi laushi sukan haɗa kashi biyu na man kaɗe da kashi ɗaya na man kwakwa tun yana ruwa, wannan haɗin ya fi kowannensu daɗin tausa a lokacin sanyi. A riƙa ɗiba da cokali, ba da yatsa ba.

A bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, a rage shi ko a ajiye. Mai mai nauyi a kan fatar da ke zufa yana toshe hanyar gumi, sai ƙurajen zafi su feso a wuya, hammata da matsematsi.

Sauran na kicin

Man sanfulawa yana da tarihi mai kyau a asibiti. A Dhaka ta Bangaladash an shafa shi ga bakwaini da aka haifa kafin mako 33, aka ga kamuwa da cututtukan asibiti ta ragu da kashi 41 cikin ɗari, an buga sakamakon a 2005. Amma wancan bakwaini ne da fatarsu ba ta gama ginuwa ba, a hannun ma'aikata. Ga jaririn da ya cika watanninsa, gwajin Mancesta bai nuna ya fi rashin shafawa ba. Bayan wata ɗaya ana iya amfani da shi, sai dai yana saurin lalacewa a zafi, kuma akwai irin da aka sauya ya zama mai yawan oleyik don suya, wanda bai fi man zaitun ba. Sai an karanta jikin kwalba.

Man gyaɗa a bar shi a tukunya. Wani bincike na 2003 a Ingila ya gano alaƙa tsakanin shafa wa jarirai mayukan da ke da man gyaɗa a kan fata mai ƙuraje da kamuwa da borin gyaɗa daga baya. Man ƙuli na gida ma ya fi na kamfani ɗauke da ragowar gyaɗar. Man riɗi shi ma haka ake tsoro. Man shanu yana saurin tsami, ga ƙarni, ga kiran ƙuda da tururuwa. Baƙin alayyadi da aka soya ƙwararsa har ta ƙone ya yi wa fatar jariri ƙarfi.

Man jarirai na kanti da Vaseline

Farin man jarirai irin su Johnson's daga ɗanyen man fetur ake tace shi har ya zama garai-garai. Jin haka kan tsorata wasu, amma a gaskiya tataccen irin wannan ba ya yi wa fata komai: ba ya shiga cikinta, ba ya sassauta katangarta, ba ya tsami ko ya shekara a taga. Santsinsa ya fi na kowa. A nan ma matsalar take. Fata ba ta shanye shi, sai yaro ya zama kamar tarwaɗa a hannu, kuma wanda ya ɗauke shi ya nufi bahon wanka a haka yana wasa da haɗari. Yawancinsu an zuba musu turare, turaren kuma shi ne abin da ya fi jawo ƙaiƙayi, ga shi yana rufe ƙamshin jikin uwa wanda jariri ke gane ta da shi. Ba abin ci ba ne. Idan yaro mai rarrafe ya kafa kai ya sha ya ƙware, man na iya sauka huhu ya haddasa ciwo mai tsanani, dalilin da ya sa a Amurka tun 2002 doka ta tilasta sa wa irin waɗannan kwalabe murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba. Wanda ya riga ya saya, ya yi amfani da shi a ƙafafu da baya, ya goge tafin hannun yaron bayan an gama, ya kuma ajiye kwalbar a sama. Wanda zai saya, ya nemi marar turare.

Vaseline ba man tausa ba ne, yana da danƙo, hannu ba ya tafiya. Amma a wurin kunzugu ko famfas, da kumatu da leɓe a hunturu, yana aikinsa tsaf. A ɗauki farin, ba mai ƙamshi ba.

Man zafi

Robb, Mentholatum, Vicks da danginsu na manya ne. Abin da ke ba su sanyin nan mai ratsa hanci mental ne da kafur, kuma su biyun ba abokan jariri ba ne. Jikin kwalbar Vicks da kansa ya ce ba a shafa wa ɗan ƙasa da shekara biyu. Shafa shi a ƙirji ko ƙarƙashin hanci ba ya buɗe hanyar numfashi, ji kawai ake kamar ta buɗe, kuma a ƙaramar hanyar iskar jariri yana iya ƙara majina. Kafur in ya shiga ciki, ko kaɗan ne, yana sa jijjiga.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Yara da yawa a Najeriya, musamman maza, ana haihuwarsu da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, ba a kuma sani sai wani abu ya taɓa su. Irin waɗannan yara in suka haɗu da wasu sinadarai jajayen ƙwayoyin jininsu kan farfashe, shawara ta taso da ƙarfi, in ta yi yawa ta taɓa ƙwaƙwalwa. Tun 1980 likitoci a Legas, cikinsu har da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti wanda daga baya ya zama ministan lafiya, suka buga binciken da ya danganta sa wa cibiyar jarirai kayan da ke da mental da tsananin shawara. Ƙwallayen kafur da ake jefawa cikin akwatin tufafi su ma suna cikin masu laifi, don haka kayan jaririn da aka ajiye da su sai an wanke an shanya kafin a sa masa. Cibiya ba ta buƙatar man zafi, ba ta buƙatar gashi da tsumma mai zafi. Maganin kulohezidin da ake bayarwa a asibiti shi ake shafawa, ta faɗi da kanta cikin kwana 5 zuwa 15.

Man habbatus sauda da man darbejiya da ƙananan kwalaben mai masu ƙamshin tsirrai duk sun yi wa fatar jariri ƙarfi. Na darbejiya ma guba ne in jariri ya haɗiye shi.

Hannun da zai yi aikin

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Duk man da aka zaɓa, amfanin tausa daga hannu yake fitowa. Binciken da aka fi ambato shi ne na Tiffany Field a Mayami ta Amurka a 1986: bakwaini da aka yi wa tausa ta minti 15 sau uku a rana na kwana 10 sun fi sauran ƙara nauyi da kashi 47 cikin ɗari, an kuma sallame su kwana shida kafin sauran. Aikin da ta yi daga baya ya nuna dannawa matsakaiciya ce ke aiki. Shafa sama-sama da ɗan yatsa cakulkuli ne, yana sa jariri zabura. Ma'aunin shi ne hannu ya kwanta gaba ɗaya, fata ta ɗan motsa a ƙarƙashinsa, amma kada ta yi ja bayan an ɗaga. Ga lafiyayyen yaro kada a sa ran abin al'ajabi. Abin da iyaye suka fi gani shi ne natsuwa, sauƙin fitar iska, da sanin halin ɗansu.

Kafin ranar farko a gwada man: ɗigo ɗaya a cikin damtse ko bayan gwiwa, a bar shi kwana ɗaya. In wurin ya yi ja ko ya feso, a canza.

A zaɓi lokacin da yaro yake farke, idonsa biyu, ba ya jin yunwa, kuma an yi aƙalla minti 45 da shan nono, in ba haka ba tumbiɗi za a sha. A rufe taga, a kashe fanka, domin jariri tsirara da mai a jiki yana saurin ɗaukar sanyi. A shimfiɗa tawul a kan tabarma ko katifa a ƙasa, ba a kan tebur ko bakin gado ba. A cire zobe da awarwaro, a yanke farce, a wanke hannu. Rabin cokalin shayi zuwa cokali ɗaya ya ishi jiki duka. A zuba a ɗan faranti, abin da ya rage a zubar, kada a mayar kwalba. A murza man a tafin hannu kusa da kunnen yaron, a yi masa magana. Bayan 'yan kwanaki zai gane wannan ƙarar, za a ga ya saki jiki ko ya kau da kai, kowanne amsa ce.

Da ƙafa ake farawa, don nan ne ya saba a taɓa shi. A riƙe idon sawu da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya zagaye cinya ya sauko har ƙasa, kamar mai tatsar saniya amma ba ja, a canza hannu, sau biyar ko shida. Sai tafin ƙafa, da babban yatsa daga dunduniya zuwa yatsu, sannan kowane yatsa a ɗan murza shi. A koma ɗaya ƙafar. Ƙirji, a ɗora tafuka biyu a tsakiya a buɗe su zuwa kafaɗu kamar ana shimfiɗa zani. Hannaye kamar ƙafafu. Fuska ba a sa mata mai, abin da ya rage a yatsu ya isa, daga tsakiyar goshi zuwa gefe. Baya a ƙarshe: a kifa shi a kan cinya ko tawul, a shafa daga kafaɗa zuwa ɗuwawu a gefe biyu na ƙashin baya, ba a kansa ba. In ya yi barci a haka a juya shi rigingine, jariri ba ya kwana a kife.

Ciki shi ne wurin da aka fi kuskure. Ba a taɓa shi sai cibiya ta faɗi ta warke sarai. Hannu yana bin hanyar agogo ne, domin haka babban hanji yake tafiya: ya taso daga ƙasan dama na yaron, ya gitta ta saman cibiya, ya sauka ta hagunsa. Wanda ya juya akasin haka yana mayar da iska inda ta fito. A tsaya ƙasa da haƙarƙari. Ga yaro mai murɗar ciki da kukan yamma, tsarin da masu koyar da tausa ke bayarwa shi ne: a shafo daga sama zuwa ƙasa hannu na bin hannu sau shida, a haɗa gwiwoyinsa a kai su ciki a riƙe a ƙirga shida, a sake, a zagaya kamar agogo sau shida, a sake kai gwiwoyi. A maimaita sau uku, safe da yamma, na mako biyu. Ana yin sa kafin lokacin kukan, ba a tsakiyarsa ba, don ciki mai tauri na yaron da ke tsala ihu ba ya karɓar tausa.

Minti biyar ya isa a farko, ko ƙafafu kaɗai. Yaro ya sanƙare, ya banƙare baya, ya kau da fuska, ya fara shaƙuwa ko hamma a jere, to ya gaji, a tsaya a rungume shi.

Akwai abubuwan da ake haɗawa da tausa a wankan jariri waɗanda ya kamata a bari, ko da kaka ce ko ungozoma ke yi, a faɗa musu cikin ladabi. Riƙe shi ta ƙafa a juya kansa ƙasa, wurga shi sama a cafe, ja masa hannu da ƙafa ta baya har su haɗu: wuyansa bai riƙe kai ba tukuna, jijjiga mai ƙarfi kuma na iya fasa ƙananan jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa. Matsa kai don ya yi kyau ba ya ƙara komai, kan da ya yi tsawo wajen haihuwa yana komawa da kansa cikin kwanaki, maɗiga kuma ba a danna ta. Matse nonon jariri don a fitar da ruwan ciki shi ke kawo ƙurji har a kai ga tsagawa. Kumburin daga sinadaran jikin uwa ne, yana sacewa cikin makonni in an ƙyale shi. Ɗiga mai a hanci ko kunne, ko ɗura masa a baki don ciki ya saki, duk babu su, hanyar huhu a kusa take.

Wurin allurar BCG ta rigakafin tarin fuka a saman damtsen hagu, wanda kan yi ɗan ƙurji bayan makonni, ba a shafa masa mai ba a murza shi. Cinyar da aka yi wa rigakafin mako 6, 10 da 14 a ba ta kwana biyu. Haka wurin kaciya sai ya warke. Jaririn da aka sa a ƙarƙashin fitilar shawara ba a shafa masa mai, haka wanda za a fita da shi rana. Bakwaini kuma sai da izinin asibitin da ke duba shi.

Idan jikin yaro da zafi, ko ya ƙi nono, ko idonsa da tafin hannunsa sun yi ruwan ɗorawa, ko cikinsa ya kumbura ya yi tauri yana aman kore, ko yana ƙwalla ƙara duk lokacin da aka motsa masa hannu ɗaya (ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa kan karye wajen haihuwa mai wahala ba a lura ba), a rufe kwalbar mai a nufi asibiti a ranar.